Mai Burodin da Ba Ya Waiwaye

Ba da sunan Wa-ya-aiko-ka aka haife shi ba, amma in ka shiga layinsu kana neman mai burodi da sunan da ubansa ya raɗa masa, za ka gaji da yawo ba wanda ya nuna maka ƙofa. Daga bakinsa sunan ya fito. In ka yi masa sallama da fara'a, sai ya tsaya ya dube ka sama da ƙasa ya ce, "Wa ya aiko ka?" In kyauta ka kawo masa, tambayar ke nan. Ranar da saurayin 'yarsa Auta ya fara zuwa gaishe shi, wani mai gyaran firji ne marar yawan magana, ya durƙusa ya gama gaisuwa tsaf, abin da ya samu ke nan shi ma. Saurayin ya ce, "Ba kowa, Baba, ni na kawo kaina." Ya ce, "Haka kowa ke cewa." Duk da haka ya ba shi 'yar.

Mutane suna son a ce wani ne ya taɓa cutarsa yana yaro, shi ya sa ya zama haka. Ba wanda ya cuce shi. Matarsa ta ce a haka ta same shi, uwarsa ma ta ce a haka ta haife shi, ko nono sai ya shinshina kafin ya kama. Ba mugu ba ne, bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. Shi dai a wurinsa ruwa ba ya tsami banza, kuma ko bai yi tsamin ba a jira, yana hanya.

Sama da shekara talatin yana raba burodi a babur. Gari na wayewa yana ƙofar gidan burodi, ana loda masa da zafinsa a wani akwatin katako da ya sa kafinta ya ƙera masa tun yana da baƙin gemu. Akwatin ya fi kafaɗunsa faɗi, ya fi kansa tsawo, an ɗaure shi a kariyar bayan babur da igiyar roba. In yana tafe ta baya ba ka ganin mutum, sai akwati mai tayoyi. Daga nan sai kantin asibiti, sai otal biyu na kusa da tasha, sai ƙananan kantuna na cikin unguwanni. Wannan ce hanya mafi kyau a gidan burodin, kowa ya sani, domin masu sayenta ba sa mayar da kaya.

Madubin babur ba ya nuna masa komai sai katakon akwatinsa, saboda haka tun da daɗewa ya kwance duka biyun. Ɗaya ya fashe, ɗayan yana rataye a ƙusa a ɗakin matarsa, da shi take ɗaura ɗankwali. Waiwaye ma ba shi da amfani, in ya juya hancinsa ne zai bugi katako. Da kunne yake tuƙi. Yana iya gaya maka abin da ke bayansa tifa ce ko tanka, da kaya ko babu, direban yana sauri ko yana waya. Yakan ce, "Kunne ya girmi kaka. Ido yana ganin abin da aka nuna masa ne, kunne kuwa har abin da aka ɓoye." A duk shekarun nan sau ɗaya ya faɗi, shi ma kare ne ya shiga gabansa, kuma har yau bai yarda karen shi kaɗai ya yi shawarar ba.

Lasisi kuwa bai taɓa yi ba. Lokacin da ya fara ba wanda ke tambaya, da aka fara tambaya duk masu tsayar da ababen hawa sun san akwatin.

Sai tsohon mai gidan burodin ya gaji ya ɗauko sabon manaja. Manajan bai yi wata guda ba ya tara masu babur a bakin tanda ya ce daga ƙarshen wata mai zuwa duk wanda ba shi da lasisi ya ajiye makulli, a ba wani hanyarsa. Masu inshora ne suka ce, in ji shi. Wa-ya-aiko-ka ya duba fuskokin da ke tsaye. Duk suna da lasisi sai shi. Ya ga Gajere, abokin aikinsa da ya daɗe yana kwaɗayin hanyar asibiti, yana kallon ƙasa kamar ya yar da allura.

Ya ce a ransa, biri ya yi kama da mutum.

Dama ya kwana biyu yana lura da wani abu. An fara yi masa raɗa. In ya shigo ɗakin lodi, sai ya ga bakuna suna motsi amma muryoyi sun yi ƙasa. Mai kantin asibiti ma, wadda a da ake jin muryarta daga bakin titi, yanzu in ta tsaya a gefensa sai ta dinga magana ciki-ciki. Har a gida. Matarsa da Auta za su zauna a kan benci suna ƙus-ƙus, in ya ce me kuke cewa, sai su kalli juna.

Ranar da ya kawo labarin lasisin Auta ta zo gida. Bai gama ba ta ce, "Baba, ai abu ne mai sauƙi. Akwai wani mai koyar da tuƙi a filin bayan tsohuwar ma'aikatar katako. Zan yi masa magana gobe."

"Yaushe kika san shi?"

"Baba, allonsa yana bakin titi. Kowa ya san shi."

"Ni ban san shi ba. Kuma ga shi ban rufe baki ba har kin samo malami. Da walakin."

Matarsa tana tsintar wake a faranti, ba ta ɗago ba ta ce, "E, mun haɗa baki da masu inshora. Jiya ma nan suka ci abinci."

"Me kika ce?"

Ta ɗaga murya, "Na ce ka je ka koya, Malam, kafin a zaunar mini da kai a gida. Ni ba zan iya da kai wuni guda ba."

Ya je. Ba don su ba, don kada Gajere ya hau hanyar asibiti.

Mai koyarwar wani dogo ne mai tumbi, kullum da usur a wuya, shi ya sa ake ce masa Mai Usur. Filinsa ƙasa ce da aka daddaɓe, an jera robobi masu tsini, an ja layuka da farin fenti. Ya zagaya babur ɗin Wa-ya-aiko-ka yana taɓa akwatin da ɗan yatsa.

"Baba, wannan ɗakin haya ne ko shago? A sauke shi. Ba a shiga gwaji da gini a baya. A sa madubi, a samo hular kwano mai rufe kunne, ba wannan kwanon sha da ke kanka ba."

Aka sauke akwatin. Wa-ya-aiko-ka ya hau, ya tayar, ya saki kuloci, sai babur ya zabura kamar ɗan akuyar da aka kwance. Ya zo zagaya robar farko ya karkata jikinsa yadda ya saba, don ya tare nauyin da ke baya, nauyin kuwa yana can a ƙasa ƙarƙashin bishiya. Saura kaɗan ya sha ƙasa. A roba ta biyu ya buɗe kwana da faɗi, yana ba akwati hanya, ya fita layi gaba ɗaya. Ya tsaya ya sauka ya durƙusa yana duba tayar baya.

"Wa ya taɓa mini babur?"

"Ba wanda ya taɓa, Baba."

"Lokacin da na je kama ruwa, wa ke tsaye a nan? Babur ɗin nan ba haka yake ba da safe. An sassauta wani abu."

Mai Usur ya yi dariya har tumbinsa na rawa. "Abin da aka sassauta kai ne. Shekara nawa kana goyon katako? Jikinka bai san an sauke ba."

Bai yarda ba. Da yamma ya kai wa bakanike ya duba, bakanike ya ce lafiya lau, sai ya kai wa wani bakaniken don ya ji ko na farkon an saye shi.

A hankali dai jikin ya koya. Mutumin da ya yi shekara talatin a kan taya biyu ba za a ce bai iya ba. Cikin 'yan makonni yana shiga tsakanin robobin nan kamar zare a allura, yana taka birki ya tsaya daidai kan layi. Abu ɗaya ne ya gagara.

"Waiwaya!" Mai Usur zai yi ihu daga tsakiyar fili. "Kafin ka tashi, waiwaya. Kafin ka canza hannu, waiwaya. Madubi, sigina, sannan ka juya wuyanka ka duba bayan kafaɗarka. Ba ka ji an ce waiwaye adon tafiya ba?"

"Ado na mata ne. Ni na ji babu kowa a bayana."

"Mai gwaji ba ta ganin jinka, Baba. Wuyanka take kallo. In bai juya ba ka faɗi, ko da kai ka ƙera babur ɗin."

"Mace ce?"

"Mace ce."

"Kun san juna?"

"Na shiga uku," in ji Mai Usur.

Wani lokacin kuma Mai Usur zai taho a guje yana haki. "Na busa, na busa, ka ƙi tsayawa!" Wa-ya-aiko-ka ya ce bai busa ba, usur ɗin kawai ya sa a baki. Ya lura cewa in yana zagaye ta hannun dama yana jin usur sarai, in ya juyo ta ɗaya hannun sai mutumin ya kumbura kumatu a banza. Ya gane dabarar. So ake a rikita shi, a ce tsufa ya kama shi, labari ya koma kunnen manaja. Don ya huta da ihu sai ya fara yi wa Mai Usur waiwayen, irin na gatse, ya juya kai gaba ɗaya da ƙarfi kamar mujiya, idonsa ba ya kallon komai. Mai Usur ya ce, "Ko na gatse ne na karɓa."

Ana cikin haka sai ga wata sabuwa. Da safe in ya ɗauki kaya, akwati a baya kamar kullum, sai ya fara jin wani babur yana binsa. Ƙaramin inji ne mai salansa da ta ɗan fashe. Yana fita daga layin gidan burodi zai ji shi, can sai ya ɓace ɗif, kamar ƙasa ta haɗiye shi. In ya sha kwana sai ya sake jin sa ta dama, kafin ya tantance ya sake ɓacewa. Mai bin mutum da gaskiya ba ya ɓuya. Ya rage gudu, ba wanda ya wuce shi. Ya ƙara, da ya sha kwana ga sautin nan. Ya yi kwanaki yana auna abin, abinci ma ba ya shiga sosai. Manaja ne ya sa a ga ko yana karya doka? Gajere ne yake koyon ƙofofin masu saye tun kafin a ba shi?

Mai kantin asibiti ce ta fasa ƙwan. Tana karɓar burodi tana jerawa a kanta ta ce da ƙarfi, "Kai dai ka yi dacen suruki. Kullum yana bayanka kamar jela."

"Wane suruki?"

"Kana da nawa? Mijin Auta mana. Ga shi can ya laɓe bayan motar asibiti, wai kada ka gan shi."

Ya rufe akwati ya hau. A layi na gaba akwai wani lungu tsakanin shagon walda da bangon makaranta, ya faɗa ciki ba sigina, ya kashe inji, ya sauka ya tsaya a bakin lungun. Sai ga mijin Auta, da jakar kayan gyaran firji a baya, yana tafe a hankali yana leƙe-leƙe. Da suka haɗa ido ya taka birki har babur ya mutu. Ya sauka da sauri ya cire hula ya rusuna.

"Ina kwana, Baba."

"Wa ya aiko ka?"

"Ba kowa, Baba. Hanyata ce."

"Shagonka yana gabas, nan yamma ne. Firjin wa ya lalace a bayan akwatina kullum da safe?"

Mijin Auta ya sunkuyar da kai yana murza igiyar hula. Akwai maganar da suruki ba ya iya gaya wa uban matarsa ido da ido, ko za a yanka shi. Ya ce, "Ka yi haƙuri, Baba."

"Me manaja ya ce zai ba ka? Ko hanyar aka yi maka alkawari? Gyaran firjin ya daina ci ne?"

"Wallahi Baba ko fuskar manajan ban sani ba."

"Haka kowa ke cewa. In na sake jin salansar nan a bayana, kada ka sake taka mini ƙofa."

Washegari bai ji ta ba. Ya ɗauka ya yi maganin abin. Bai san mutumin ya kai salansa an liƙe ba ne, ya kuma daina matsowa ta dama.

Ana gobe gwaji ya dawo da la'asar ya tarar da matarsa tana kwashe shanya. Ya zauna a benci ya fara lissafa mata maƙiyansa, manaja, Gajere, Mai Usur, yanzu har da mijin 'yarsa. Ta bar shi ya kai aya. Sannan ta ajiye kwandon, ta zo ta tsaya a damansa.

"Malam, yaran nan kunyarka suke ji, ni kuwa na daɗe da cinye tawa. Ba wanda yake maka raɗa. Kunnenka na hagu ne ya mutu."

Ya dube ta.

"Tun bara. Kowa ya sani sai kai. Ranar nan Auta tana cikin motar haya ta ga tifa ta kusa shafe ka ta hagu, ko gezau ba ka yi ba. Ta zo nan tana kuka. Ita ta sa mijinta ya dinga bin ka, yana tsare maka wannan gefen, in mota ta taho shi take fara gani ta kauce. Yana barin shagonsa a rufe har hantsi saboda kai, kai kuma ka tare shi a lungu kamar ɓarawo."

"Kunnena lafiya lau. Da kunnen nan na ciyar da ku. Kunne ya girmi kaka."

"To naka ya girme ta har ya riga ta tafiya."

Ta zagaya ta koma hagunsa, ta ɗan ja baya. Ya ga bakinta yana motsi, ya ji wani abu kamar ana magana a maƙwabta. Ta dawo dama.

"Me na ce?"

"Ba ki ce komai ba. Baki kawai kika motsa, irin na Mai Usur. Ashe har da ke."

"Na ce kai jaki ne. Da ka ji ai da ka tashi."

Ta ɗauki kwandonta ta shige ɗaki. Ya zauna yana kallon madubai biyun da Mai Usur ya sa ya saya, sababbi fil a kan babur, kamar kunnuwan zomo. Wato dabarar ke nan, a karya masa zuciya ana gobe gwaji. Ya ce ai kuwa sai ya ba su kunya.

Wurin gwajin wani fili ne mai kwalta a bayan ofis, da rumfar kwano inda masu jira ke zama. Yawancinsu sa'o'in jikokinsa ne. Mai gwajin mace ce gajera mai tabarau, ba ta dariya ba ta kuma ɗaure fuska. Ta duba fitila, ta duba birki, ta sa ya danna hon. Zagayen robobi ya yi shi ba tare da ya taɓa ko ɗaya ba, har wani a rumfa ya tafa. Sai ta zo ta tsaya a hagunsa tana gaya masa hanyar da za su bi a titi. Ya ga bakin yana motsi. Ita ma? Ya tura babur baya kaɗan ya karkata shi, ta koma damansa. Ya gaya wa kansa rana ce ke dukan idonsa.

"Baba, ka ji? Ka fita ka miƙe, ka wuce shataletale, in ka kusa danja ta biyu ka koma hannun hagu ka sha kwana. Ina bayanka a mota. Kada ka kula da ni."

Mutumin da aka ce kada ya kula da na bayansa, an gaya masa abin da ba zai yiwu ba. Ya fita yana jin ta a ƙeyarsa. Ya wuce shataletale lafiya. Titin mai faɗi ne, hannu biyu, hantsi ya yi, motoci ba yawa. Ya hango danja ta biyu. Ya kasa kunne yadda ya saba yi shekara talatin. Shiru. Babu tifa, babu tanka, babu komai, hagunsa fayau kamar filin Mai Usur. Ya kunna sigina. Madubin ko kallonsa bai yi ba, bai saba ba. Har ya fara kwantar da babur, sai ya tuna gajerar tana kallon wuyansa. To ga wuya, ta ƙoshi. Ya juya kai irin na gatsen nan.

Doguwar bas ce, irin mai inji a baya. Hancinta yana daidai kafaɗarsa. Ya ga fitilarta, ya ga wata tsaga a gilashin, ya ga direban da hannu ɗaya a sitiyari yana hamma. In ya miƙa hannu zai taɓa ta.

Hannunsa ne ya yi aikin, ba shi ba. Ya tayar da babur tsaye, ya koma layinsa, ya sassauta totur. Bas ta wuce, doguwa, taga bayan taga, iskarta tana kaɗa masa riga, sai da ƙarshenta ya zo daidai shi sannan ya ji rurin injin. Ya sake waiwayawa, wannan karon da ido a buɗe. Ba kowa sai motar mai gwaji can baya. Ya koma hagu, ya sha kwana. Daga nan har suka dawo, ko rami zai kauce wa sai ya waiwaya.

A filin ya tsaya nesa da rumfa, bai kashe inji ba. Ya cire hular kwanon ya dube ta. Ita ce, ya ce, hular nan ce ta toshe ni, dama Mai Usur ne ya ce a saya. Ya duba ko wani na kallonsa. Sannan ya sa ɗan yatsa ya toshe kunnensa na dama.

Babur yana karkarwa a tsakanin cinyoyinsa, yana jin sa a ƙashi. A kunne kuwa kamar an nutsar da shi a rijiya. Ya cire yatsa, inji ya dawo. Ya mayar, ya tafi. Ya kashe babur ɗin ya zauna a kai, hannuwansa a kan tanki. Ya tuna titin asibiti da safe, inda tifofin yashi ke wucewa ta hagu.

Mai gwajin ta iso tana rubutu. "Baba, ka ci. Wurin danjar nan tsofaffin hannu ke faɗuwa, sun fi ƙarfin su juya wuya. Madubi dai ka dinga kallo, ba don ado aka sa shi ba."

Ya daɗe yana dubanta. "Wa ya ce ki ba ni?"

"Me?"

"'Yata ta zo wurinki? Ko wani dogo mai usur?"

Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi. "Baba, ni ba wanda ya aiko ni. In ba ka so, kawo in soke."

Ya karɓi takardar da sauri ya cusa a aljihu.

Hanyar asibiti ba ta koma hannun Gajere ba. Manaja ya ga lasisi ya ce madalla, Wa-ya-aiko-ka ya ce a ransa madallar ba ta kai ciki ba, kuma har gobe yana nan a kan cewa Gajere ne ya kai wa masu inshora sunansa. Kafin ya koma aiki ya kai akwatin wurin kafinta aka rage masa faɗi da tsawo, yadda in ya juya zai ga titi. Burodin da yake ɗauka ya ragu, sai ya yi sawu biyu. Ya sa mai walda ya ƙara wa madubin dogayen hannuwa.

Safiyar farko, yana fita daga layin gidan burodi ya waiwaya hagu. Ga mijin Auta nan da jakarsa, daidai inda bas ta tsaya. Suka haɗa ido. Wa-ya-aiko-ka ya tsaya a gefen titi, surukin ya matso yana shirin sauka ya rusuna.

"Zauna abinka. Na gan ka, ba jin ka na yi ba, ganin ka na yi. Je ka buɗe shagonka, mutane na can namansu na ruɓewa."

Ya buɗe akwati ya ciro burodi guda ya miƙa masa. Na jiya ne, cikin wanda wani kanti ya mayar wa Gajere. Mijin Auta ya karɓa da hannu biyu.

A gida bai taɓa tayar da maganar kunne ba, matarsa ma ba ta sake ba. Auta ta ce a je asibiti a duba, ya ce likitocin nan da masu sayar da na'urar kunne bakinsu ɗaya, amma bai ce ba zai je ba. Abin da ya canza kawai wurin zama ne. Shekara da shekaru yana zama a ƙarshen benci na dama, yanzu ya koma na hagu, matarsa tana damansa. Ranar farko ta dube shi ta gefen ido.

"Yau kuma lafiya?"

"Can ɗin ƙusa ta fito," ya ce. "Wa ya taɓa bencin nan?"